Yadda ake shirya gasar baje kolin kimiyya da ƙere-ƙere ta ɗalibai, tun daga makaranta har matakin ƙasa

Duk wanda ya taɓa leƙa baje kolin kimiyya na 'yan makaranta a Najeriya ya san abin da ake jerawa a tebura. Gidan kwali da aka saka wa ƙwan fitila, mota mai batir, jirgin sama na gwangwani, dutse mai aman wuta da aka yi da laka. Babban baƙo ya zo a makare, a zagaya da shi, a ɗauki hoto, a ba wanda kayansa suka fi ƙyalli kofi, shi ke nan a watse sai kuma baɗi. Kuma idan ka ja yaron gefe ka tambaye shi me ya sa fitilar take kamawa sai ya yi ta kallon malaminsa, don sau da yawa malamin ne ya yi aikin, ko ma an kai wa wani mai gyaran rediyo ya haɗa an biya shi. Wallahi abin yana damuna, don yaranmu suna da ƙwaƙwalwa, tsarin ne bai tambaye su abin da ya kamata ba. Gasa ta gaskiya tana auna abu ɗaya ne: tambayar da yaro ya yi da kansa, da yadda ya gwada da hannunsa, da abin da ya auna ya rubuta. Duk matakan da zan kawo a ƙasa don a kare wannan ne.

Mataki na farko, kafin a nemi ko kwabo, a zauna a kafa kwamiti kuma a san inuwar wa za a shiga. A Najeriya ba daga sifiri za ku fara ba. Akwai kulob ɗin JETS na ɗalibai masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere a makarantun sakandare wanda ma'aikatar ilimi ta tarayya ke shirya wa gasa, akwai ƙungiyar malaman kimiyya STAN da ke nan tun 1957 kuma tana da rassa a jihohi, akwai hukumomin makarantun kimiyya irin ta Kano wadda ta buɗe Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977. Ku je wajen waɗannan tun da wuri, don firinsifal ba zai saki ɗalibi ya fita daga makaranta ba sai ya ga takarda daga ma'aikata, komai kyawun niyyarku. Kwamitin kuma kar ya zama taron manya masu neman alawus ɗin zama, mutum bakwai zuwa tara sun isa, amma kowa da aikinsa a rubuce: mai kula da kuɗi, mai kula da alƙalai, mai kula da masauki da abinci, mai hulɗa da makarantu, mai kula da tsaro da lafiya. A tabbata akwai malamai mata a ciki, ba don cike gurbi ba, za ku ga amfaninsu idan aka zo maganar fitar da 'yan mata daga gida. Sannan wanda ke riƙe da kuɗi daban, wanda ke zaɓen alƙalai daban, kar su haɗu a hannun mutum ɗaya.

Na biyu shi ne kalanda, kuma a nan mutane da yawa suke faɗuwa. Gasar ƙasa ba rana ɗaya ba ce, tsani ne. Ana farawa a cikin makaranta, waɗanda suka yi fice su tafi matakin ƙaramar hukuma ko shiyyar ilimi, daga nan jiha, daga nan shiyya, sannan ƙasa. Muna da ƙananan hukumomi 774, jihohi 36 da Abuja, shiyyoyi shida, to idan ba a tace tun daga ƙasa ba, abin da zai faru shi ne makarantun kuɗi na manyan birane su kaɗai za su cika zauren, yaron da ke makarantar gwamnati a ƙauye ko labari ba zai ji ba. Yadda na ga ya fi dacewa shi ne a aika sanarwa da dokoki a farkon zango na ɗaya wajen Satumba, yara su yi aikinsu daga Oktoba zuwa Janairu, a yi na makaranta da na ƙaramar hukuma a farkon zango na biyu, na jiha da na shiyya su biyo baya, a kammala na ƙasa kafin ƙarshen Maris. Dalili, daga Mayu 'yan aji uku na babbar sakandare sun shiga WAEC, NECO na biye, babu malamin da zai saurare ku. Kuma babbar gasar kimiyya ta ɗaliban duniya, wato ISEF, da ake yi a Amurka a watan Mayu ake yin ta, idan kuna da burin tura yara can dole ku gama da wuri saboda fasfo da biza. A duba lokacin azumi ma, tunda kowace shekara yana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, kar a sa yara tsayuwar wuni guda a gaban tebur da ƙishirwa a zafin Maris.

Na uku, dokoki. A rubuta su gajeru, shafi uku ko huɗu, da Turanci da Hausa (da sauran harsunan da jihohi ke buƙata), a tura ta WhatsApp kuma a buga a takarda a kai makarantun da ba su da sabis. Abubuwan da dole su fito fili: rukunin shekaru, wato firamare daban, ƙaramar sakandare daban, babbar sakandare da kwalejojin fasaha daban. Yawan yara a aiki ɗaya, ni ina ganin a bi na ISEF, mutum ɗaya ko ƙungiyar da ba ta wuce mutum uku ba, don idan sun kai shida za ka tarar biyu ne ke aiki sauran rakiya. Aikin ya zama na cikin wata goma sha biyu da suka wuce, kar a ɗauko na yayan wani da ya ci kofi shekara uku baya a sake masa fenti. Fannoni kuma kar a yawaita su a shekarar farko: noma da abinci, ruwa da muhalli, makamashi, lafiya, kwamfuta da manhaja, lissafi, ƙere-ƙere. Sannan doka ɗaya da nake so a rubuta da manyan baƙaƙe, a saka iyakar kuɗin da za a kashe wa aiki ɗaya, kuma yaro ya zo da lissafin abin da ya saya. Wannan kaɗai yana rage tazarar da ke tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka sosai.

Yanzu ga matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa: horar da malamai. Mafi yawan malamanmu na kimiyya ba a taɓa sa su yin bincike da hannunsu ba, ba laifinsu ba ne, haka aka koyar da su, allo da alli. To idan ka ce musu su kawo aiki abin da suka sani shi ne su kawo samfuri mai kyan gani. Ku tara su kwana biyu a kowace shiyyar ilimi, kuma kar a cika su da lacca, a raba su rukuni-rukuni a sa su yi gwaji na gaske. Abin da za su fita da shi shi ne bambanci tsakanin aikin kimiyya da aikin injiniya. Na kimiyya yana farawa da tambaya, a yi hasashe, a gwada, a auna. Na injiniya yana farawa da matsala, a faɗi sharuɗɗan da maganin zai cika, a ƙera, a gwada, ya gaza, a gyara, a sake gwadawa. Duka biyun akwai awo a ciki. Babu awo, babu aiki.

Bari in ba da misali a tsanake don a gane. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya yi koyarwa a Jigawa, ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya, wato a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, ruwan yana tururi yana fita da zafi, kayan miya su daɗe ba su lalace ba. Idan yarinya ta haɗa wannan ta kawo tebur ta ce ga firjin ƙauye, ta yi kwaikwayo ne kawai. Amma idan ta ce, shin yashin kogi ne ya fi sanyaya tukunyar ko garin gawayi, ko kuwa sau nawa ya kamata a zuba ruwa a rana, to aiki ya fara. Za ta samu tukwane iri ɗaya daga hannun maginiya ɗaya, ta ajiye su a inuwa ɗaya, ta sa tumatir mai yawa ɗaya da aka tsinko rana ɗaya, ta bar wani tumatirin a kwando a fili don ya zama ma'aunin kwatance, abu ɗaya tak za ta canza, sauran duk su zama daidai. Ta riƙa auna zafi da ma'aunin zafi safe da azahar da yamma, ta ƙirga tumatir nawa ya ruɓe kowace rana, ta rubuta da biro a littafi da kwanan wata, ta maimaita gwajin aƙalla sau uku don kar ya zama dace aka yi. Ko da a ƙarshe ta gano hasashenta ba daidai ba ne, aikinta ya fi na mai jirgin gwangwani nesa ba kusa ba, kuma dole malamai su ji wannan daga bakinku ƙarara, cewa sakamakon da ya saɓa wa hasashe ba faɗuwa ba ne.

Irin waɗannan tambayoyi suna nan birjik a gidajenmu. Ƙurar hunturu nawa take rage wa farantin sola ƙarfi, kuma bayan kwana nawa ya kamata a goge, wannan mita ƙarama ta masu gyaran lantarki ta isa a auna. Garin ƙwayar zogale nawa ke kwantar da lakar ruwan rafi a lita ɗaya. Ganyen darbejiya ko toka ko buhu mai leda biyu a ciki, wanne ya fi kare wake daga ƙwari. Gawayin buntun shinkafa da na itace, wanne ya fi saurin tafasa ruwa lita biyu. Wane murhu ne ya fi cin itace kaɗan. Duk babu wanda ke buƙatar ɗakin gwaje-gwaje mai tsada a cikinsu.

Littafin nan na rubutun yau da kullum da na ambata, ku mai da shi wajibi. Littafin aji na talaka, mai ɗinki ba mai cire-cire ba, a rubuta da biro, kar a yage shafi, kuskure a ja masa layi ɗaya a bar shi. Shi ne shaidar da ta fi komai nuna cewa yaro ne ya yi aikin, musamman yanzu da kowa zai iya sa manhajar waya ta rubuta masa rahoto mai kyau cikin minti biyu. Littafin da ya sha maiƙo da ƙura da gyare-gyare ya fi mai tsabta wanda aka kwafe a dare ɗaya da biro ɗaya, alƙali mai ido zai gane.

Mataki na gaba, tantance lafiya da ɗa'a kafin a fara aiki, ba ranar gasa ba. A kafa ƙaramin kwamiti a kowace jiha, likita ko ma'aikacin jinya ɗaya, malamin kimiyya, injiniya, idan da hali likitan dabbobi. Kowane yaro ya cike fom na shafi ɗaya ya faɗi abin da zai yi da kayan da zai yi amfani da su, malami da uba ko uwa su sa hannu, kwamiti ya amince sannan a fara. Abin da za ku fi cin karo da shi a wajenmu shi ne maganin gargajiya, yaro ya ce ya haɗa maganin ciwon suga ko na basir ya ba maƙwabta sun sha sun warke. Wannan a hana shi kai tsaye, babu gwajin magani a jikin mutum, ko da kakarsa ce ta yarda. Haka renon ƙwayoyin cuta a gida, haka azabtar da ɓera ko kaza, haka wasa da fetur da ruwan batir da wutar NEPA kai tsaye ba tare da babba a wurin ba. Masu son yin iskar gas daga kashin shanu su yi a fili ƙarƙashin kulawa, ranar gasa su zo da hotuna da bidiyo, ba da tulun gas cikin zaure ba. Wanda zai yi wa mutane tambayoyi ya nemi izininsu kuma kar ya rubuta sunayensu a allo.

Sai kuɗi. Ku rubuta kasafi tun kafin ku je wajen kowa, kuma ku jera shi bisa muhimmanci: motar yara, abincinsu, masaukinsu, horar da malamai, kuɗin motar alƙalai, wuta, kyaututtuka, sannan can ƙarshe ado da rumfar manyan baƙi. Idan kuɗi ya gaza daga ƙasa ake yankewa. Gwamnati za ta yi alƙawari amma sakin kuɗi yakan makara, don haka kar ku dogara da ƙofa ɗaya. Bankuna, kamfanonin waya, masana'antu, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, attajiran gari, duk a buga musu ƙofa da takarda mai shafi biyu da ke faɗin yara nawa za su amfana da abin da mai tallafi zai samu. A duniya ma haka ake yi, gasar Afirka ta Kudu da aka fara a 1980 sunan kamfanin lantarki na Eskom take ɗauke da shi, ita ISEF da ta faro a 1950 ta daɗe da sunan kamfanin Intel kafin kamfanin Regeneron ya karɓa a 2020. Wani tallafin ba kuɗi ba ne kuma ya fi sauƙin samu, jami'a ta ba da zaure da ɗakunan kwana lokacin hutu, mai gidan burodi ya ɗauki karin kumallo, mai kamfanin ruwa ya kawo ruwa. Asusun banki da sunan gasar, sa hannun mutum biyu, rasit na komai. Kuma kar a karɓi kuɗin rajista daga makarantun gwamnati, da zarar kun sa kuɗi kun kore waɗanda aka fi yin abin dominsu.

Wuri kuma, zaure mai iska da haske, wanda keken guragu zai iya shiga. A ba kowane aiki tebur iri ɗaya da lamba. Girman allon da ISEF ke amfani da shi faɗi santimita 122 ne, zurfi 76, ku ɗauki wannan tun daga matakin jiha don yara su saba. Allon kwali mai ninki uku ya isa, a rubuta tambaya, hanyar da aka bi, jadawalin awo, zanen sakamako, da abin da aka gano, da taƙaitaccen bayani wanda bai wuce kalma 250 ba. A tambayi kowa tun a fom ko yana buƙatar wuta, a jera masu buƙata a gefe ɗaya kusa da soket, a samu janareta da wani na ko-ta-kwana, a kira mai aikin lantarki na gaske ya ja wayoyi ya manne su a ƙasa. Abin kashe gobara, bokitin yashi, akwatin taimakon gaggawa da ma'aikacin jinya, wurin sallah da alwala, banɗaki na maza da na mata da ruwa a ciki. Ƙananan abubuwa ne amma su ke ɓata taro.

Maganar tafiya da masauki ba ta wasa ba ce a halin da ake ciki. Babu tafiyar dare, ko da za a makara. Kowace tawaga ta zo da takardar izinin iyaye da lambar wayarsu, 'yan mata su zo da malama mace wadda za ta kwana tare da su a ɓangarensu daban. Iyaye da yawa da ke hana 'ya'yansu mata zuwa ba ƙin ilimi suke yi ba, tsoro suke ji kuma suna da gaskiya, idan malama ta je gida ta zauna da uwar ta ce hajiya ni zan tafi da ita ni zan dawo miki da ita, yawanci ana samun amincewa. A sanar da jami'an tsaro na yankin tun da wuri. A gayyaci makarantun masu buƙata ta musamman irin ta Tudun Maliki a Kano, a tanadi mai fassarar maganar hannu.

To alƙalanci, inda gasa ke samun mutunci ko ta rasa shi. Alƙalai a ɗebo su daga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, Bayero, Ahmadu Bello, Usmanu Ɗanfodiyo da sauransu gwargwadon inda kuke, da injiniyoyi masu aiki, da likitoci, da malaman gona. Ni ina ƙara cewa a sa ƙwararrun masu ƙira irin na kasuwar Panteka a Kaduna cikin masu duba ayyukan ƙere-ƙere, mutumin da ya shekara ashirin yana walda da kallo ɗaya zai gaya maka ko hannun yaro ne ya yi wannan haɗin ko na ƙwararre. Duk alƙalin da ke da ɗa ko ɗalibi ko makaranta a wani rukuni ba zai duba wannan rukunin ba, ya sa hannu a kan haka. Kowane aiki alƙalai uku su gan shi, kowa shi kaɗai, minti goma zuwa sha biyar, kowa ya ba da makinsa ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. A takardar maki lambar tebur za a rubuta ba sunan makaranta ba. Lokacin alƙalanci malamai da iyaye duk waje, a rufe ƙofa, daga yaro sai alƙali.

Rabon maki ba sai kun ƙirƙiro sabo ba, na ISEF yana da kyau: tambayar bincike 10, tsari da hanyar aiki 15, aiwatarwa da tattara awo da fassara shi 20, sabuwar dabara 20, allo 10, hira da ɗalibi 25. Ku lura allo goma kawai ya samu, hira ta ninka shi fiye da sau biyu. Da safe kafin a fara a zauna da alƙalai awa ɗaya, a ɗauki aiki ɗaya na gwaji kowa ya ba shi maki a kwatanta, don wani hannunsa a sake yake wani kuma a matse. A koya musu tambayoyin da ke fito da gaskiya: ina ka samo wannan tunanin, me ya fara lalacewa, wa ya taimake ka kuma da me, idan na canza kaza me zai faru, da za ka sake me za ka gyara. Kamar yadda mai sayen tukunya ke ƙwanƙwasa ta ya ji ƙararta kafin ya biya, haka tambaya ɗaya da ba ta cikin hadda take nuna ko akwai tsaga. Kuma taimako ba laifi ba ne, yaro zai iya kai ƙarfe wajen mai walda, abin da ake so ya faɗa, kuma zanen da awon su zama nasa.

Abu ɗaya da nake roƙo a nan, a bar yaro ya yi bayani da harshen da ya fi iyawa, aƙalla har matakin jiha. Fahimtar kimiyya ake aunawa ba zaƙin Turanci ba. Yaro ya tsaya yana in-ina da Turanci alhali idan ka ce masa yi min da Hausa sai ka ji bayani tiryan-tiryan, bai kamata ya rasa maki saboda haka ba. Waɗanda suka haye zuwa matakin ƙasa sai a ba su horo na makonni kan gabatarwa da Turanci. Alƙalai kuma su sassauta murya, ba kotu ba ce, ɗan shekara goma sha uku ne a gabanka, ka fara da yabon abin da ya yi daidai, ka bar masa shawara ɗaya a rubuce.

Tsarin kwanakin gasar ƙasa, kwana uku ko huɗu sun isa. Ranar farko isowa, rajista, kafa kaya, da duba lafiyar kowane tebur. Rana ta biyu alƙalanci zalla, ba baƙi ba jawabi. Rana ta uku a buɗe wa jama'a, a kawo ɗaliban makarantun gari su zagaya, a gayyaci 'yan jarida da gidajen rediyo na Hausa, da 'yan kasuwa da masu masana'antu. Sannan rufewa da kyaututtuka, kuma a gama tattara maki a sa hannu a rufe a ambulan kafin babban baƙo ya iso, don kar wani ya raɗa wa wani cewa jihar mai masauki ya kamata ta samu wani abu. Jawabai a taƙaita. A ba da awa ɗaya ta ƙorafi kafin sanarwa, a rubuce, ta hannun shugaban alƙalai.

Kyauta kuma a yi tunani. Kofi yana ƙarewa a ofishin firinsifal. Abin da ke canza rayuwar yaro shi ne kuɗin makaranta, kuɗin rajistar jarrabawa, kwamfuta, akwatin kayan aiki, ko a haɗa shi da wani malamin jami'a da zai riƙa bibiyarsa. Malamin da ya raini aikin shi ma a ba shi nasa, don shi ya zauna bayan an tashi ba a biya shi ba. Kowane yaro da ya zo ya koma da satifiket da takardar shawarar alƙalai. Kuma kar a sanar da kyautar da ba ta hannu, babu abin da ke kashe wa yara gwiwa kamar a ɗaga babban kwalin ceki a gaban kyamara sannan shekara ta zagayo ba su ga komai ba.

Bayan an watse aiki bai ƙare ba. Idan akwai ƙirar da ake ganin sabuwa ce da gaske, a tuntuɓi hukumar NOTAP kan rajistar mallakar fasaha, da sunan yaron ba na makaranta ko na shugaban kwamiti ba, kuma gara a yi wannan kafin a baza cikakken zanen a Facebook. Masu son kai yara ISEF su sani ba a zuwa kai tsaye, sai ta gasar da ta yi rajista da ƙungiyar Society for Science mai shirya ta, kuma fom-fom ɗinsu na amincewa dole a cike su tun kafin a fara bincike, shi ya sa na dage kan tantancewa da littafin rubutu tun daga makaranta. Cikin wata ɗaya a fitar da rahoto, makarantu nawa suka shiga, daga waɗanne ƙananan hukumomi, mata nawa maza nawa, nawa aka samu nawa aka kashe, a aika wa ma'aikata da duk wanda ya ba da tallafi tare da hotuna. A tattara taƙaitaccen bayanin kowane aiki a ɗan littafi a raba wa makarantu, zai zama abin koyi kuma zai tona wanda ya zo da kwafi baɗi. Ƙananan hukumomin da ba su turo kowa ba a rubuta sunayensu daban, da su za a fara horar da malamai a Satumba mai zuwa, kuma a sa ranar zaman farko na kwamiti tun kafin kowa ya koma garinsu.